Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Maharba, Jos

Assalamu alaikum dattawanmu da sauran 'yan'uwa.

Aikin da ya fi ci mana lokaci a bana shi ne koyon gyaran saiti, wato abin auna hari da ke saman bindiga, ɗaya a baya ɗaya a gaba, saboda kukan da aka yawaita yi bara cewa bindigogi suna kuskure abin hari. Kwamiti ya roƙi tsofaffin sojojin da ke cikinmu su ɗauki nauyin darasin, suka kuwa ɗauka ba tare da karɓar ko kwabo ba. Allah ya saka musu da alheri.

Sun gina darasin ne a kan bindigar da suka fara riƙewa suna kurata, wato Lee-Enfield mai cin harsashi .303 guda 10, irin wadda sojojinmu suka je ƙasar Bama (Myanmar ta yau) da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. A kan allo aka zana ta, domin Dokar Makamai ta 1959 ba ta yarda farar hula ya riƙe bindigar yaƙi haka kawai ba. Gwaji kuwa da bindigar iska aka yi shi, a tazarar mita 10.

Abin da suka fi nanatawa shi ne kada kowa ya taɓa saiti sai harbinsa ya taru wuri guda. Za a ɗora bindiga kan buhun yashi, a yi harbi biyar ana auna ɗigo ɗaya, sannan a je a duba takarda. In ramukan sun warwatsu, laifin ba na saiti ba ne: ko dai maharbi na fizgar kunama, ko noti ya kwance, ko tsatsa ta ci bakin bindiga. A nan ne da yawa daga masu zargin bindigoginsu suka yi tsit. In kuwa ramukan sun taru amma a gefe, to gyara ya zo. Saitin baya ana matsar da shi wajen da ake so harsashi ya koma, na gaba kuwa harsashin yake bi: harbi ya karkata hagu, shi ma a tura shi hagu. A samfurin Lee-Enfield mai lamba 4 ma, saitin baya ba ya motsi gefe, na gaban ake bugawa kaɗan-kaɗan, in harbi na yin ƙasa a sauya shi da gajere. Matasa sun sha rikicewa a wannan gaɓar, sai an maimaita musu ita baɗi.

A ganin kwamiti, lokacin hunturu bai dace da gwaji ba. Sanyin Jos na daskarar da yatsu da safe, iska kuma na kwasar ɗan harsashin bindigar iska. Za mu mayar da shi bayan damina.

Sabunta lasisi ya tafi daidai, sai 'yan tsiraru da suka yi jinkiri. Mun kuma je ta'aziyyar 'yan'uwan da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta a taro.

Duk wanda bai biya kuɗin wata ba ya ga ma'aji kafin ranar taron, kuma kowa ya zo da takardar lasisinsa, bindiga a bar ta gida.

Sakataren Ƙungiya