A Riƙa Shirya Ɗalibanmu Kafin Su Tafi Alƙahira

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in bayyana halin da ɗalibanmu ke shiga a kwanakinsu na farko a ƙasar waje. Ƙanena ya bar Tudun Wada zuwa Jami'ar Azhar da Larabcin littafi a bakinsa, amma ranar farko ya kasa fahimtar direban tasi, domin Larabcin titin Masar daban ne, har burodi ma "aish" suke ce masa. Ya sauka cikin sanyin Janairu babu rigar sanyi, ya kwana uku yana cin dabino kafin wani Bakano ya nuna masa gari.

Don Allah waɗanda suka yi karatu can suka dawo su riƙa zama da masu shirin tafiya.

Naku,
Mai karatu daga Zariya