A auna majinyaci da abin da zai je ya yi a gidansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na kiwon lafiya. Duk shekara idan 29 ga Oktoba, ranar shanyewar ɓarin jiki ta duniya, ta zagayo, jaridu da gidajen rediyo kan cika da bayanin shanyewar ɓarin jiki: a rage gishiri, a riƙa gwada hawan jini. Madalla da hakan. Abin da ba na jin ana taɓawa shi ne yadda ake auna wanda ya tsira daga ciwon kafin a ce masa ya tafi gida. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin kwantar da maza, kuma a nan nake ganin muna yin sakaci.

Jama'armu masu gashi suka sani, waɗanda ke motsa gaɓoɓi har mutum ya miƙe ya taka. Akwai kuma wasu ma'aikatan daban, waɗanda a Turance ake kira occupational therapists, da aikinsu shi ne mayar da majinyaci kan harkokinsa na yau da kullum, daga cin abinci da wanka har komawa sana'a. Hukuma ɗaya ce ke yi musu rajista da masu gashi, wato MRTB, kuma ana horas da su a Oshodi ta Legas da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. A nan Arewa sai ka yi da gaske kafin ka ga ɗaya, shi ya sa awon yakan faɗo a kanmu ko a kan masu gashi, a yi shi a gurguje da takarda a hannu.

Takardar da aka fi ɗauka ita ce ma'aunin Barthel, wanda Florence Mahoney da Dorothea Barthel suka fitar a 1965 a jihar Maryland ta Amurka. Abu goma yake dubawa, ciki har da ci, wanka, sa tufafi, riƙe fitsari da bayan gida, shiga ban-ɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya da hawa matakala, sai a haɗa maki daga 0 zuwa 100. Ba na raina shi. Yana da sauri, kuma idan aka maimaita bayan wata guda za a ga ko an ci gaba. Amma gidan da aka yi shi dominsa ba irin gidan majinyatanmu ba ne.

Dattijo zai ci makin ban-ɗaki a asibiti, domin masan na zama ne, ga ƙarfen dafawa a bango. A gida rami ne na tsuguno, ga buta, ga santsin siminti. Zai ci makin tashi daga gado zuwa kujera, alhali shi a tabarma yake wuni, katifarsa kuma a ƙasa take, kuma tashi daga ƙasa da ƙafa ɗaya mai rauni aiki ne na daban. Muna tambayarsa matakala, gidansa ba bene, abin da zai kayar da shi dokin ƙofa ne da kwatar tsakar gida.

Sai maganar hannu, wadda ta fi damuna. Idan dama ce ta shanye, takarda za ta ce yana ci da kansa tunda hagu tana kai cokali baki. Amma wannan mutum da hagu yake tsarki, kuma tun yana yaro ake buge masa hannu idan ya kai ta akushi. Na ga wanda ya daina cin tuwo cikin 'ya'yansa saboda haka, sai an watse ya ci a ɓoye, yana ta ramewa, takardarsa kuwa cike da maki. Babu layin alwala a ma'aunin, babu ruku'u da sujada, alhali su ne farkon abin da mafi yawansu ke tambaya idan baki ya buɗe. Addini ya yi sauƙi, a yi salla a zaune ko a kishingiɗe, amma sai wani ya duba ya ga wanne zai iya, ya nuna masa yadda zai wanke hannun da ba ya motsi.

Tambaya kaɗai ma ba ta isa ba. Ka ce wa Bahaushe yaya jiki, zai ce da sauƙi, ko da bai iya ɗaura zariyar wandonsa ba. Kafin ya rufe baki ɗansa ya karɓe: "Ai komai muna yi masa." Wannan kara ce da biyayya, amma tana ɓoye abin da ake nema, kuma hannun da ake yi wa komai ba ya farfaɗowa. A miƙa masa buta, a ba shi rigarsa, a koma gefe a kalla.

Haka gwajin ƙwaƙwalwa na MoCA da aka fitar a Montreal ta Kanada, mai maki 30. Ana sa mutum ya zana agogo yana nuna sha ɗaya da minti goma, ya haɗa lambobi da haruffan boko bi da bi, ya faɗi sunan karkanda a hoto. Malamin tsangaya da ya haddace izu sittin zai iya faɗuwa wannan, a rubuta masa ruɗewa. An san matsalar, shi ya sa ake ƙara maki ɗaya ga mai ƙarancin karatun boko, har aka yi wani samfuri domin waɗanda ba su yi makaranta ba. Sai dai wanda ke hannu shi ake ɗauka.

Akwai hanyar da na fi yarda da ita, ma'aunin COPM da irin waɗancan ma'aikata masu mayar da majinyaci kan harkokinsa suka fitar a Kanada a 1991. Majinyacin ne ke faɗin abin da ya gagare shi, a zaɓi har guda biyar mafi muhimmanci a wurinsa, ya ba kansa maki daga 1 zuwa 10 kan yadda yake iyawa da yadda ya gamsu. Bayan makonni a sake, kuma canjin maki biyu ana ɗaukarsa ci gaba na gaske. Tela zai ce taka keke, mai koko ta ce riƙe ludayi. Wanda lamba ba ta zauna masa ba, a jera masa ƙwayar wake goma ya ware.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku gayyato ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata ya yi wa masu karatu bayani da Hausa, ko a ranarsu ta duniya, 27 ga Oktoba. Sassan koyar da gashi na jami'o'inmu kuma su fassara waɗannan ma'aunai, su gwada su a kan mutanenmu, su ƙara layin tsuguno da na alwala. Masu jinya su ma, ranar sallama su ɗauko hoton ban-ɗakin gida da wurin kwanciyar majinyaci a waya su nuna wa ma'aikaci kafin a sa hannu a takarda.

Na gode. Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarku.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya, daga Zariya