Dattijon da ke ganin hanya amma ba ya gane fuska

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu karatu kan wani ciwon ido da ke kama dattawa, wanda iyali ba su cika gane shi ba, har su riƙa zargin mai shi da girman kai. Tsoho zai tafi masallaci shi kaɗai, yana kauce wa kwata da babur, amma ɗan cikinsa ya tsaya gabansa bai shaida shi ba sai ya yi magana. Sai a ce ai yana gani, share mutane kawai yake yi. Likitoci suna kiran wannan ciwo lalacewar makula ta tsufa, kuma ya fi bayyana daga shekara 50 zuwa sama.

Makula wani ɗan wuri ne a tsakiyar tantanin da ke can bayan ƙwayar ido, inda haske ke sauka. Faɗinta milimita 5 ne da ɗoriya, amma da ita ake karatu, da zura zare a allura, da gane fuska. Sauran tantanin shi ke ba da ganin gefe. Idan ta lalace, abin da mutum ya ƙura wa ido shi ne ke dushewa ko ya koma tabo mai duhu, gefe kuwa yana nan. Saboda haka da wuya wannan ciwo shi kaɗai ya kai mutum ga makanta ɗungurungum, kuma ya kamata a faɗa wa mara lafiya haka tun ranar farko, don tsoro ya fi ciwon saurin kwantar da mutum.

A ƙasarmu da zarar ganin tsoho ya ragu sai a ce yanar ido ce. Akwai dalili: binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce ke jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar 'yan shekara 40 zuwa sama, hawan jinin ido na bi mata da kusan kashi 17. Amma aikin cire yana ba ya goge tabon makula. Hawan jinin ido kuma gefe yake fara ci, ya bar tsakiya sai daga baya. Ciwon suga ma yakan kumbura makula. Ba a rarrabe waɗannan da kallon ido daga waje. Sai an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido an leƙa ciki, in da hali a ɗauki hoton tantanin da na'urar da ake kira OCT. Masu yawo gari-gari suna soke ido don ture yana, a guje su ƙwarai.

Ciwon iri biyu ne. Busasshe shi ne ya fi yawa, wajen mutum 8 zuwa 9 cikin 10. A hankali yake tafiya, shekara da shekaru, wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa suna taruwa ƙarƙashin tantanin yana sirancewa. Mai ruwa shi ne abin gudu: wasu sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari suke tsirowa ƙarƙashin makula, su riƙa yoyon ruwa da jini, cikin 'yan makonni a yi asarar da ba ta dawowa. Busasshe yana iya rikiɗewa ya zama mai ruwa, kuma alamar farko ita ce miƙaƙƙen layi ya koma a lanƙwashe.

Ga gwajin da ake yi a gida. A zana murabba'i mai santimita 10 kowane gefe, a raba shi gida-gida da layuka masu tazarar rabin santimita, a sa baƙin ɗigo a tsakiya. Shafin littafin lissafi na 'yan makaranta ma ya wadatar. A sa tabaran karatu, a riƙe takardar wajen santimita 30 daga fuska, a rufe ido ɗaya da tafin hannu, a ƙura wa ɗigon ido, sannan a sauya ido. Rufe ido ɗayan shi ne gwajin, domin lafiyayyen ido yana rufa wa ɗan'uwansa asiri har wata da watanni. Idan layuka sun karkace, ko wasu gidaje sun ɓace, ko sabon tabo ya fito, a nemi likitan ido cikin kwana ɗaya ko biyu. A riƙa yi kullum, ko aƙalla sau ɗaya a mako. In babu takarda, jikin ƙofa ko falwayar wuta ma sukan nuna lanƙwasar.

Maganin mai ruwa allura ce da ake yi a cikin ido. Jin haka yana tayar da hankali, amma ana kashe zafin wurin da maganin ɗigawa, a wanke da aidin, allurar ta shiga ta farin ido, cikin 'yan mintuna an gama. Magungunan sun haɗa da Lucentis da Eylea da Avastin. Avastin ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma manyan gwaje-gwaje a Amurka da Ingila sun nuna amfaninsa ya yi kusa da na Lucentis. Yawanci ana fara allura uku, wata-wata, sannan likita ya tsawaita tazara gwargwadon abin da hoto ya nuna. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya ji sauƙi bayan ta farko ko ta biyu ya daina zuwa. Ƙarfin maganin yakan ƙare, ruwa ya dawo, wurin ya yi tabo, tabo kuwa ba ya jin allura. Iyali su yi lissafin kuɗin uku ɗin tun kafin a fara. Idan bayan allura ido ya ƙara zafi da ja, gani yana raguwa, a koma asibiti ranar, don ƙwayar cuta na iya shiga ko da yake ba kasafai ba. Manyan asibitocin ido irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa su ne wurin tambayar likitan tantanin ido.

Busasshe ba shi da maganin da ke dawo da abin da ya tafi. Abin da ya fi komai amfani shi ne barin taba, don tana ninka haɗarin, sai kula da hawan jini. Akwai haɗin bitamin da aka gwada a Amurka mai suna AREDS2: bitamin C miligiram 500, bitamin E ma'auni 400, sinadarin zinc miligiram 80, na jan ƙarfe 2, sai sinadaran da ake samu a ganye, lutin 10 da ziyazantin 2. Yana rage haɗarin tsanantar ciwon da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ga wanda nasa ya kai matsakaici, amma ba rigakafi ba ne ga mai lafiya, don haka likita ne zai ce a sha. Alayyafo da zogale da gwaiduwar ƙwai da kifi mai maiƙo su yawaita a abinci.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake zaunar da mai wannan ciwo a tabarma, a karɓe masa komai da sunan tausayi. Ganin gefe da ya rage ana koyon aiki da shi. A zauna gaban agogon bango, a rufe idon da ya fi rauni, a kalli wajen 12, sai 3, sai 6, sai 9, a lura da inda tsakiyar agogon ta fi fitowa. Can ne mutum zai riƙa karkata idonsa. Wani hular mai magana zai kalla ya ga fuskarsa, wani kunne, wani kafaɗa. Wajen karatu a tsayar da ido wuri ɗaya, a riƙa jan takardar a hankali ta gabansa. Minti goma sau biyu ko uku a rana ya isa, don da farko yana gajiyarwa.

Madubin ƙara girma kuwa mutane sukan zaɓi mai faɗi suna zaton ya fi ƙarfi, alhali gwargwadon faɗinsa gwargwadon rauninsa. Ƙarfinsa da dayofta ake aunawa. A raba 100 da lambar, a sami tazarar da za a bari tsakaninsa da rubutu: mai 10 santimita 10, mai 20 santimita 5. A kusanto da ido jikin madubin, sai kalmomi da yawa su shigo. Kusantar da takarda ga fuska ba ya ɓata ido. Baƙin kwali da aka yanke wa 'yar taga mai nuna layi ɗaya ko biyu yana hana ɓatan layi.

Haske ma haka. Fitila mai caji da ke santimita 60 daga shafi, in aka matso da ita zuwa 30, hasken da ke kan shafin ya ninka huɗu. A ajiye ta ta gefen idon da ya fi gani, ƙasa da fuska, tana haska takarda ba ido ba. A rana a sa malafa ko tabarau mai rage ƙyalli. Wanda ya shigo zaure daga rana ya tsaya a bakin ƙofa minti ɗaya ko biyu, domin wannan ido yana jinkirin sabawa da duhu, kuma a nan ake yawan faɗuwa.

A cikin gida bambancin launi ne ke aiki. Tuwon shinkafa a kwano mai duhu, fura da nono a kofi mai duhu, baƙin shayi a farin kofi. Bakin matakala da dokin ƙofa a ja musu farin fenti mai faɗin santimita 5. Makunnin gas a ɗiga masa gam mai tauri a daidai wurin kashewa don yatsa ya ji. A rufe rijiya, a ɗage igiyar shanya sama da kai, buta da takalmi su zauna wuri ɗaya kullum. Kwalbar maganin safe a ɗaura mata roba ɗaya, ta dare biyu. Kuɗi daga naira 5 zuwa 50 na leda ne, hannu ya san su. Sauran a bar dubu a miƙe, ɗari biyar a ninka biyu, ɗari biyu a ninka ta tsawo. A waya a ƙara girman rubutu, a yi amfani da kyamara wajen zuƙo takarda, jikoki su kunna TalkBack ko VoiceOver, masu karanta abin da ke fuskar waya da murya, a koma saƙon murya a WhatsApp. Tuƙin mota da babur dai a haƙura da shi.

Akwai wani abu da marasa lafiya ke ɓoyewa. Wasu sukan ga mutane ƙanana, ko dabbobi, ko zane-zane a bango, alhali babu su. Wani masani ɗan Siwizalan, Charles Bonnet, ya bayyana wannan tun 1760 a kan kakansa, kuma da sunansa ake kiran yanayin. Ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin hoton da ido ya daina aiko mata. Abubuwan ba sa magana, mai ganinsu ya san ba gaske ba ne, kuma sun fi zuwa da magariba ko lokacin kaɗaici. A wurinmu nan da nan za a ce aljanu ne ko taɓin hankali, shi ya sa tsoho ke yin shiru da tsoronsa. A tambaye shi da lallashi. Kunna fitila, ƙifta ido, juya ido dama da hagu, ko tashi tsaye sukan kore su. In kuwa akwai jin muryoyi ko ruɗewa, wannan wani abu ne dabam, sai likita.

Mai gaida mai wannan ciwo ya faɗi sunansa tun da sallama, ya kuma sanar in zai tashi. Mai yi masa jagora ya ba shi gwiwar hannu ya riƙe, ya wuce shi da rabin taku, kada ya ja shi.

Roƙona ga Edita shi ne a buga wancan zane mai gida-gida a jaridar nan da ainihin girmansa, santimita 10, tare da bayanin amfani da shi da manyan haruffa, domin masu karatu su yanke su manna a bangon ɗakin iyayensu.

Wassalam.

Daga wani ma'aikacin lafiyar ido, Kaduna