Filin bayan asibitin unguwan mu ba filin banza bane

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka bani ɗan wuri a wannan jarida in faɗi albarkacin bakina akan wani rigima da ya taso mana a unguwan mu nan Zariya, wanda na tabbata ba mu kaɗai bane, duk wanda ke zaune a Sabon Gari ko Tudun Wada ko cikin birni in ya karanta zai ce ai suma ga irin nasu nan.

Muna da wani ƙaramin asibitin gwamnati irin na sha-ka-tafi, ba zan faɗi sunanshi ko sunan unguwan ba tunda maganan na hannun manya. A bayan asibitin akwai fili babba wanda tun zamanin iyayen mu kowa ya san na asibiti ne, an barshi ne saboda gaba in an tashi faɗaɗawa. Toh kwanakin baya sai ga wasu mutane da safiyo sun zo suna ta aune-aune suna kafa turaku, kafin kace me tifa ta juye yashi da dutse, sai labari ya bazu wai shaguna za'a jera, filaza guda, wai wani mai kuɗi ne zai gina a bashi haya na shekaru masu yawa kuma wai asibitin zai riƙa samun wani abu daga ciki. Matasa suka fito suka hana lebura haƙa fandisho, dattawa suka zauna a ƙofan masallaci bayan la'asar, aka kira mai unguwa, yanzu dai aiki ya tsaya amma yashin na nan ba wanda ya kwashe.

Ni dai ina tare da waɗanda suka ce basu yarda ba, amma gaskiya dalilina ya sha bamban da na wasu daga cikinsu, shiyasa ma na ga ya kamata in rubuto.

Mutanen da suka ware ma asibitoci da makarantu manyan filaye ba wawaye bane, sun san jama'a ƙaruwa take yi, ƙasa kuma bata ƙaruwa. A ƙidayan 2006 ƙaramar hukuman Zariya kaɗai tana da mutum sama da dubu 400, Sabon Gari kuma kusan dubu 300, toh ka duba shekarun da aka ɗauka daga lokacin zuwa yau, ka duba yadda gidaje suka cinye gonaki ta wajen Ɗan Magaji da Hanwa da hanyan Jos, wuraren da muka sani ana noman dawa da rake yanzu duk bulo ne da kwano. Su kuma asibitocin unguwa suna nan yadda suke, ɗaki uku ko huɗu da baranda, ranan awo ko ranan rigakafi kaga mata zaune a ƙasa har waje da goyo a baya saboda benci ya cika. Wannan filin da ake gani kamar ba'a komai dashi shine kaɗai hanyan da asibitin zai iya girma, in aka rasa shi shikenan, sai dai a sayi gidajen mutane a rushe, kuma wace gwamnati ce zata yi ma ƙaramin asibitin unguwa wannan?

Mu a Zariya ma bai kamata sai an yi mana dogon bayani ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya fara ne tun 1967, ya daɗe yana aiki a rarrabe, wani ɓangare a Tudun Wada, wani a Kaduna, wani a Malumfashi, sai a 2005 aka tattara aka koma mazauninshi na dindindin a Shika. Asibiti mai girman wannan dole sai wajen gari inda akwai sarari, ba wanda zai ce a cusa shi tsakanin gidajen Tudun Wada, wannan daidai ne. Amma ka tuna mutumin da ke Tudun Jukun ko Gyallesu ko can cikin birni wanda naƙuda ta kama matanshi ƙarfe biyun dare, sai ya nemo mota ko keke napep tukuna, ya bi ta Ƙofan Doka, ya wuce PZ, ya haura Kwangila, ya ratsa Samaru gaba ɗaya kafin ya ga get ɗin Shika, in ma yana da kuɗin motan kenan. Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofan Gayan kuma kowa ya san yawan jama'an da ke dogaro dashi, har daga ƙauyuka ake zuwa. Kaga kenan haihuwa lafiyayye da ƙarin ruwa da zazzaɓin yara da ɗinkin ƙaramin rauni ya kamata ace a unguwa ake gama su, a bar ma manyan asibitoci abinda ya gagara. Gwamnatin jiha da kanta ta ɗauki tsarin ace kowace mazaɓa cikin 255 da muke dasu a jihan Kaduna tana da asibiti ɗaya na matakin farko mai aiki sosai, toh ta yaya zai yi aiki sosai in an toshe mishi baya da shagunan saida taya da cajin waya?

Kuma shago in ya shiga wuri baya fita, wannan kowa ya sani. Yau ace shago goma ne, gobe a ɗora bene, jibi mai walda ya kama ɗaya, mai injin niƙa ya kama ɗaya, kowa da janaretanshi, masu sauke kaya su tare hanya da mota, mara lafiya yana kwance ana mishi ƙarin ruwa ƙaran inji na shiga mishi har ƙwaƙwalwa. Batun wai asibiti zai samu kuɗin haya kuwa, ni dai ina so a gaya mana nawa ne, asusun wa zai shiga, wa zai sa hannu a fitar, domin mun sha jin irin wannan daɗin bakin, a ƙarshe asibitin ko safar hannu sai ka siyo da kanka.

Sannan akwai abinda mutane ke saurin mantawa. A 2015 lokacin gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i an yi rusau a filin Kwalejin Alhudahuda saboda gidajen da aka ce sun shiga haraban makaranta, a 2021 kuma katafila ta shiga unguwan Graceland akan maganan filin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. Ba shari'an wa ke da gaskiya na zo yi ba, abinda nake so a lura dashi shine wa ya kwana a waje? Wanda ya tara kuɗinshi shekara da shekaru ya saya ya gina, wani ma ɗan fansho ne, wani marayu ya bari a ciki. Wanda ya yanka filin ya sayar tun farko, da dillalin da ya ci la'ada, da wanda ya buga hatimi a ofis, ban ga an sa ma gidajensu jan fenti ba. Toh irin wannan ginin da ake so a yi mana yau shine rusau ɗin gobe, wata gwamnati zata zo tace filin asibiti ne, kuma gaskiyanta ne, sai a bar ƙananan 'yan kasuwan da suka biya kuɗin shago da kuka, shi kuma mai filazan ya riga ya maida kuɗinshi tuntuni.

Yanzu bari in juyo kanmu mu mutanen unguwa, domin in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wannan filin da muke ta ihu akanshi yau, me muka maida shi? Bola. Duk gidan da ke kusa nan yake aiko yara da shara, leda da ƙazanta har jikin tagan ɗakin da ake duba masu ciki, in rani yayi a cinna wuta hayaƙi ya cika asibitin. Wani ya mayar da gefe ɗaya wurin buga bulo na sayarwa, wani nan yake kwana da motocinshi, wani da ya tashi gyaran katangan gidanshi sai da ya ɗan matso da ita ciki kamar taku biyar ba wanda yace mishi kanzil saboda ana jin nauyinshi, da daddare kuma wurin ya zama matattaran 'yan shaye-shaye har ma'aikatan ke tsoron kwana. Masu ɗan shuka masara da kuɓewa da damina ni ban ga laifinsu ba, ko ba komai suna hana ciyawa da macizai, kuma ranan da aka ce su tashi ba abinda zasu ɗauka sai fartanya. Amma wasu daga cikin masu ɗaga murya a taron nan wallahi ba asibiti ne a ransu ba, wurin ajiye motansu suke karewa. Na ji da kunnena wani na cewa ko ɗakin haihuwa ne ba za'a gina ba a bar wurin yadda yake, toh a nan muka rabu. Wanda ya kawo tifa ma ai abinda ya gani kenan, ya ga wuri ba katanga ba mai kula, shara ta yi tsiri, sai ya samu bakin cewa gara a gina abu mai amfani.

Samarin da ke buga ƙwallo a wurin da yamma su kam ina tausaya musu, don duk unguwan ba sauran wani sarari, an yanka komai an sayar har hanyan ruwa. Amma wannan kuka ne da ya kamata a kai ma ƙaramar hukuma daban, a nema musu wuri, ba asibiti bane zai biya bashin.

Af, ga kuma maganan ruwa da ba wanda ya tada a taron. Filin nan shi ke shanye ruwan sama na kusan rabin layin mu kafin sauran ya gangara ya nufi rafin Kubanni, in aka malale shi da siminti ba tare da an fitar da lambatu mai kyau da kwalbati ba, watan Agusta ruwan cikin ɗakunan mutane zai shiga. Ko asibitin ne zai yi gini dole a duba wannan.

Abinda nake roƙo ba mai wuya bane, a fito da takarda. Dokan filaye ta 1978 ta damƙa filayen cikin gari a hannun gwamna ne a matsayin amana, ba kayan wani shugaban asibiti ko kansila ko ciyaman bane da zai bayar a bayan fage. Muna da KADGIS da ke riƙe da bayanan filaye, muna da KASUPDA da ke bada izinin gini, toh wanda ya turo safiyo ya nuna mana izinin da aka bashi, a ga wa ya sa hannu, a ga ko an canza filin daga na asibiti zuwa na kasuwanci da kuma yaushe aka canza ba tare da an tambayi kowa ba. In babu takarda magana ta ƙare, ya zo ya kwashe yashinshi. In kuma akwai, mun san ƙofan da zamu buga. Su kuma matasan mu dan Allah a daina zagin lebura da birkila ana ƙwace musu shebur da diga, bawan Allah ya fito neman na cefanen yini ne, bai san wa ya ba wa fili ba. A rubuta koke a sa hannu, mai unguwa ya kai ma dagaci da hakimi, a kai kwafi ƙaramar hukuma da hukuman lafiya matakin farko ta jiha da ɗan majalisan mu na jiha, a karɓo shaidan cewa an karɓa. Ranan da aka fasa ma wani kai a filin nan, daga ranan maganan ta tashi daga ta asibiti ta koma ta 'yan sanda, kuma abinda mai filazan ke jira kenan.

In Allah ya sa aka dakatar, kada mu koma mu kwanta. A fara da katanga da duwatsun iyaka, ko da aikin gayya ne, kowane gida ya kawo bulo gwargwadon ƙarfinshi, mai buga bulon nan ma ya kawo nashi kason tunda ya daɗe yana cin arzikin wurin, wanda ya matso da katanga kuma ya koma inda yake cikin mutunci. Bayan nan abinda asibitin ke buƙata a bayyane yake, ɗakin haihuwa mai gadaje na kirki, ɗan gidan ma'aikata ko ɗaki biyu ne yadda ungozoma zata kwana a wurin a daina zuwa da dare ana tarar da kwaɗo a ƙofa, bohol da sola, da wurin ƙona allurai da sauran sharan asibiti don yanzu yara na tsintar sirinji suna wasa dashi. Sauran wurin a dasa darbejiya da mangwaro masu jinya su samu inuwa kafin a samu kuɗin ƙarin gini.

Wani abu da ya tsaya min a rai, duk zaman da aka yi akan filin nan ba'a tambayi mace ko ɗaya ba, alhali in ka leƙa asibitin kowace safiya kusan duk waɗanda ke kan layi mata ne da yara, su suka san awa nawa ake yi kafin a ga ma'aikaci, su suka san banɗakin baya shiguwa, su suka san wace ce ta haihu a keke napep akan hanya. A tura malaman islamiyyan matan aure su tattaro ra'ayinsu a rubuce a haɗa da koken, sai mu ga ko akwai wadda zata ce filaza take so.

Malam Edita, in da hali ku turo wakilinku ya zaga ƙananan asibitocin Zariya da Sabon Gari da kyamara, ya tambayi tsofaffin kowace unguwa inda iyakan filin yake a da da inda yake yanzu, sannan ya je ofis ya nemi taswiran asali a gwada. Mu a namu unguwan a shirye muke mu zaga dashi.

Wassalam.

Naku,
Wani mazaunin Zariya, jihan Kaduna