Hasumiyar da ke kiran tsattsewa a Kambirij

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in ba masu karatu labarin wani gini da ke garin da nake zaune, Kambirij ta ƙasar Ingila.

A bakin kogin Cam, a filin da ake kira Logan's Meadow, an kafa wata doguwar sandar ƙarfe a 2011, a kanta kuma wani ƙaton faifai mai launin ja da rawaya da ruwan lemo. Wani mai zane, Andrew Merritt, ne ya tsara shi, wai siffar rana ce yadda take haskawa a Afirka. Daga nesa ado kawai za ka ɗauka. Sai ka matso ka ga ashe faifan akwatuna ne jere, kowanne da 'yar ƙofarsa, an yi su don tsattsewa ta yi sheƙa. An kuma sa masa lasifika mai sakin kukan tsattsewa, domin ita tsuntsuwar zaman taro ce, inda ta ji muryar 'yan'uwanta can take leƙawa. Ko da kiran ma ba ta da saurin yarda da sabon gida, wani lokaci sai an yi shekaru ana jira.

Abin da ya ja hankalina shi ne baƙin da ake yi wa wannan hidima daga wajenmu suke zuwa. Tsattsewar tana isa Ingila wajen watan Mayu, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, kafin ƙarshen Agusta ta kama hanyar Afirka, ta ƙetare Sahara. Masu bincike na Jami'ar Lund ta Suwidin sun nuna a 2016 cewa takan yi wata 10 a sama ba ta sauka ba. Can take cin ƙwari, can take barci. Ikon Allah! Ƙafafunta gajeru ne, ba ta iya zama a kan waya, sai dai ta maƙale a bango. Kowace shekara kuma ramin bara take komawa. To, Turawa sun gyara tsofaffin gidajensu sun toshe kowace kafa a ƙarƙashin rufi, tsuntsuwar ta dawo ta tarar ba ƙofa. Yawanta ya yi ta raguwa har a 2021 aka sa ta a jerin tsuntsayen da aka fi jin tsoron ƙarewarsu a Birtaniya.

Mu ma hanyar muka kama. Ginin ƙasa mai azara yana ba da wuri ga bulo da silin roba, an sare kuka da tsamiya a cikin gari, shataletalenmu kuwa sai gumakan siminti da fitilun da ba sa kai wata shida. Ba na cewa a kwaso hasumiyar Kambirij yadda take, tsada gare ta. Amma wanda ya taso gidan da ake rataya wa tantabaru tukwane a bango ya riga ya san dabarar. Maginanmu da maƙera da masu ginin tukwane za su iya wannan aiki ba tare da an ɗauko kowa daga waje ba.

Ina kira ga masu ba da kwangilar ƙawata birane, in za a sake gina shataletale, a sa ramukan sheƙa cikin zanen tun farko, a kuma tambayi masana tsuntsaye tsayin da ya dace da girman ƙofar.

Na gode da ba ni fili.

Mai karatunku,
daga Kambirij, Ingila