Zuwa ga aminina, kan zaman yara a gida

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da yara. Saƙonka ya iso, kuma sau biyu na karanta shi saboda damuwar da na ji a ciki. Ka ce an rufe makarantar yaran, babu ranar komawa, kuma tun safe har dare daga faɗa sai latsa waya. Na san wannan hali. A 2020 da korona ta sa aka kulle makarantu, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ce a watan Afrilu ɗalibai kusan biliyan 1.6 ne ke zaune a gida a ƙasashe fiye da 190, nawa uku suna cikinsu.

Bari in fara da kuskurena, ko zai rage maka wahala. A makon farko na zana jadawali irin na makaranta, darasi shida a rana, na manna a bango. Ba a yi kwana huɗu ba na tsakiyan ya fara ɓoye littafinsa a ƙarƙashin katifa, autar kuwa da zarar ta ga na ɗauko biro sai hawaye. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ina so su ƙaru ne sai ga shi ina sa su tsani karatun. Na cire takardar. Abu biyu kawai na riƙe da ƙarfi: lokacin barci da tashi bai canza ba, sannan kowace safiya akwai awa ɗaya ta karatu, a gutsuttsura minti 15 zuwa 20, ana hutawa tsakani.

In ba za ka iya komai ba, ka riƙe karatu a bayyane. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, yara 70 cikin 100 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi, alhali kafin annobar 57 ne. Yaron da karatu ya kuɓuce masa, lissafi da kimiyya ma za su bi baya, tunda sai ya karanta tambaya kafin ya amsa ta. Har yanzu ina ganin autar zaune a gefena, yatsanta a ƙarƙashin layi, ta cije a kan kalma ɗaya tana motsa baki. Da na saba tarar numfashinta in faɗa mata. Sai na koyi yin shiru, ina ƙirga biyar a zuci, kuma sau da yawa kafin in kai huɗu ta furta da kanta, ta ɗago ta dube ni tana murmushi.

Idan an gama shafi, a rufe littafin ka ce, "To, ba ni labarin abin da ka karanta." Gobe ka sake tambaya, bayan kwana uku ka kuma. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bita da ake warwatsawa ta fi zama a kai. Ka sa babban ya koya wa ƙaramin, shi ma nan yake gane inda bai iya ba.

Lissafi kuma ba sai a takarda ba. Mun kafa sanda a rana, kowace awa yaran su ajiye dutse a bakin inuwarta su auna tsawon da rula. Da tsakar rana inuwar ta dunƙule, da yamma ta miƙe ta juya gabas, na tsakiyan nan mai ɓoye littafi shi ya dinga tambaya me ya sa. Daga nan muka shiga maganar juyawar duniya ba tare da na ce masa darasi ne ba. Shara, wanke-wanke da ninke kaya ma a raba musu, kowa da nasa.

Batun waya, ƙwacewa gaba ɗaya rigima take ƙarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada 'yan shekara 2 zuwa 4 su wuce awa ɗaya a gaban allon waya ko talabijin a rana, 'yan 5 zuwa 17 kuma su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki. Mu sai an yi karatu an yi guje-guje ake ba da wayar. Kai ma ka ajiye taka a awar karatun, idonsu na kanka. Kuma don Allah kada ka bar wa maiɗakinka wannan nauyi ita kaɗai.

Ka nemi malaminsu ka ji inda suka tsaya. Ka rubuto mini shekarun kowannensu da littattafan da ke hannunku, in ga abin da zan iya aiko maka daga namu. A shafa mini kan yaran.

Naka har kullum,
Amininka