A Riƙa Kiran Iyaye Ranar Wayar da Kan Sababbin Ɗaliban Jami'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, musamman yanzu da ake ta hada-hadar rajistar sababbin ɗalibai a jami'o'in garin nan.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da atamfa nake sayarwa. Bokona bai wuce aji uku na sakandare ba. Da babban ɗana ya samu gurbin karatu a ɗaya daga cikin jami'o'inmu, wadda ba zan kama sunanta ba, gidanmu kamar ranar salla. Mahaifiyarsa ta soya waina aka raba wa maƙwabta. Na biya kuɗin rajista, na saya masa waya, kullum da safe in ba shi kuɗin adaidaita. Idan na ce, "Yaya karatu?" sai ya ce, "Alhamdulillahi, Baba." Ni kuma iyakar tambayar da na iya ke nan.

Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, a shagona yaron ya yi shi. Ya ɗanɗana kuɗi, aka koma makaranta hankalinsa ya rabu biyu. Ban lura ba. Sai wata rana bayan sallar isha'i wani maƙwabcina malamin jami'a ya ja ni gefe a ƙofar masallaci ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin takardar sakamakon yaron nan kuwa?" Wallahi ban ma san ana ba da wata takarda kafin a gama ba. Da muka bincika, ashe an sallame shi tun wata huɗu da suka wuce. Kunya ce ta hana shi faɗa: kullum ya yi wanka, ya rataya jaka, ya karɓi kuɗin mota, ya je ya wuni wurin abokai.

Ban wanke yaron ba, ban kuma wanke kaina ba. Amma da maƙwabcin nan ya zaunar da ni a kan tabarma ya yi mini bayani, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayanin bai ci rabin sa'a ba. Ya ce kowane darasi yana da nauyinsa, wani biyu, wani uku. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, maki biyar ke nan. 60 zuwa 69 B, maki huɗu. Haka ake sauka har zuwa F, wadda ba ta da ko ɗaya. Sai a ninka makin da nauyin darasin, a tara, a raba da jimillar nauyin darussan. Ya ba ni misali: yaro ya ci A a darasi mai nauyin biyu, ya samu goma; ya faɗi wani mai nauyin uku, ya samu sifili; goma a raba gida biyar, ya tashi da 2.0 duk da A ɗin da yake taƙama da ita. Wannan lissafin da suke kira CGPA shi ke bin ɗalibi tun daga zangon farko har ranar fita. Daga 4.50 zuwa sama shi ne digiri mai daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 mai bi masa. Idan kuma ya yi ƙasa ƙwarai sai a yi wa ɗalibi gargaɗi, in bai gyara ba a nuna masa ƙofa. Darasin da aka faɗi kuwa ba ya yafuwa, shi ne kari-oba, sai an dawo an sake shi baɗi tare da ƙanne.

Na ce masa, Malam, ai wannan littafin bashi ne! Mu a kasuwa mun san wanda ya fara da giɓi a farkon shekara yakan daɗe bai cike shi ba. Da an gaya mini haka tun ranar farko, da na san abin da zan riƙa tambaya.

To a nan ne maganata take. Jami'o'i suna shirya wa sababbin ɗalibai taron wayar da kai, kuma abu ne mai kyau. Sai dai yadda yara ke ba mu labari, sau da yawa ana yin sa ne bayan an yi nisa da lakca, a tara ɗaruruwa a babban zaure, manya su yi ta jawabi da Turanci kan shigar mutunci da satar jarrabawa da ƙungiyoyin asiri, na baya ba sa ma jin lasifika. Mu iyaye kuma ba mu da kujera a wurin. Ranar da ake ganinmu ita ce ta rantsar da ɗalibai, mu zo da kulolin abinci, a sa wa yaro riga da hula, a ɗauki hoto a ɗora a WhatsApp, kowa ya watse. Daga nan sai ranar yaye su, ga wanda Allah ya kai.

Jami'ar Bayero ta zama cikakkiyar jami'a tun 1977. Yau ga ta Wudil da ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ga wadda gwamnatin jiha ta kafa a 2012 da sunan Northwest, ga masu zaman kansu suna ta ƙaruwa. Duk da haka ka zaga Kwari da Singa da Kurmi da Dawanau ka gani: da yawa daga cikin masu biyan kuɗin karatun nan ba su taɓa zama a ajin jami'a ba. Ɗansu shi ne na farko a zuri'a. Wa zai gaya musu yadda abin yake?

Roƙona ga shugabannin jami'o'inmu shi ne a ware wuni guda, ko da safiyar Asabar ce, kafin a fara darasi, a kira iyaye da masu riƙo, tsangaya-tsangaya don kada taron ya yi yawa, kuma a yi bayanin da Hausa. A nuna mana takardar sakamako a allo a koya mana karanta ta. A gaya mana lokacin da take fitowa. A gabatar mana da malamin da ke kula da ajin yaranmu, wanda suke kira kodineta, mu san fuskarsa da ofishinsa. A faɗa mana cewa rashin halartar aji kaɗai yana iya hana ɗalibi zama jarrabawa, domin akwai iyayen da ke tsare yaro a shago ranar da kasuwa ta buɗe suna ganin ba komai. Ni ma na yi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi yawan kawo rigima a gida. A ba mu a rubuce abin da ake biya da inda ake biya, domin uban da bai san Remita ba, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet, duk abin da aka ce masa a shagon intanet shi zai miƙa. A yi mana bayanin bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024: kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, ba ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Na san mutanen da suka hana 'ya'yansu nema don sun zaci riba ce. Haka kuma a ja kunnenmu cewa gurbin da bai bi ta hannun JAMB ba yana iya hana yaro tafiya bautar ƙasa bayan ya gama, komai daɗin bakin wanda ya ce zai "samo masa".

Iyayen 'yan mata suna da nasu tambayoyin. Yarinyar da ke Kurna ko Hotoro, aka sa mata lakca har kusan magariba, da tsadar mota tun bayan cire tallafin mai a 2023, yaya za ta yi? Nawa ne ɗakin kwana, yaushe ake nema? Idan wani ya matsa mata, malami ne ko ɗalibi, ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa ba tare da ta ji tsoron a kayar da ita ba? Uwar da ta ji amsar nan da kunnenta ba za ta yi saurin cewa a cire yarinya a yi mata aure ba.

Na san wani zai ce ɗan jami'a ya girma, a bar shi ya tsaya da ƙafarsa. Ban ƙi ba, kuma ba cewa nake iyaye su riƙa bin malamai suna roƙon maki ba, wannan abin kunya ne. Amma da shekara 16 ake shiga jami'a yanzu. Yaron da jiya-jiya ake buga masa ƙararrawa a sakandare, yau an sake shi ba mai kiran sunansa da safe, ba mai tambayar ina ya shiga.

Wanda bai samu zuwa ba, ga gidajen rediyo cike da Kano, kuma mutanenmu da rediyo suke kwana suke tashi. Shiri ɗaya na sa'a guda da magatakardan jami'a, a buɗe layi iyaye su yi tambaya, zai kai har Rano da Bichi. Ku ma 'yan jarida kuna iya ware shafi guda a irin wannan lokaci.

Babban nawa yanzu yana tare da ni a shago, yana kuma shirin sake zana JAMB. Bana ƙanwarsa ta samu gurbi. Na riga na gaya mata ranar taron nasu zan rufe shago mu tafi tare, ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba. Ta ce, "Baba, kunya za ka ba ni a gaban ƙawayena." Na ce ta yi haƙuri, a can baya zan zauna, in an tashi ta raka ni ofishin kodineta.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mahaifi daga Gwammaja, Kano.